ELDEN RING: GEM ƊIN DA BA YA JIN TAUSAYIN JARUMI

Daga Wakilinmu

Duk ma'abocin kallon fim ya san ƙa'ida: komai dukan da jarumi zai sha a hannun bos, a ƙarshe sai ya miƙe ya rama, a tashi fim kowa yana murna. To, akwai wani wasan gem da ya yi fatali da wannan ƙa'ida. A cikinsa kai ne jarumin, kuma bos zai kashe ka sau goma, sau hamsin, wani ma sau ɗari, ba mai cewa sannu. Sunansa Elden Ring. Abin da ya sa muka kawo maganarsa a wannan shafi shi ne, a watan Mayu na 2025 an ba da sanarwar za a mayar da shi fim.

Kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ne ya shirya shi, Bandai Namco ya kai shi kasuwa ranar 25 ga Fabrairu, 2022, a PlayStation da Xbox da kwamfuta. Daraktansa Hidetaka Miyazaki ne. Wanda ya rubuta tushen tarihin duniyar gem ɗin kuwa ba baƙo ba ne a wurin masu kallo: George R. R. Martin ne, marubucin nan na Amurka wanda daga littattafansa aka yi Game of Thrones.

LABARIN A TAƘAICE

Wata ƙasa ce ta almara, mai wata ƙatuwar bishiya mai hasken zinare da ake hangowa kusan daga ko'ina. Akwai wani zobe mai riƙe da tsarin duniyar. Sai aka farfasa shi, 'ya'yan Sarauniya Marika suka yi wawason gutsattsarinsa, yaƙi ya ɓarke a tsakaninsu, ƙasa ta lalace. Kai kuma korarre ne da aka dawo da shi domin ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwato gutsattsarin, ya hau mulki.

Sai dai ba wanda zai zaunar da kai ya ba ka wannan labari tiryan-tiryan. Tsintarsa za ka riƙa yi, ɗan bayani a jikin takobi, 'yar magana daga bakin wani tsoho a kango. Miyazaki ya sha faɗin dalili. Lokacin da yake yaro yakan ari littattafan da suka fi ƙarfin karatunsa, inda bai gane ba sai ya cike da tunaninsa. Haka yake so mai buga gem ɗinsa ya yi.

MARABA DA DUKA

Kana fitowa fili a farkon wasan za ka hangi wani barde a kan doki, sanye da sulken zinare. Sabon shiga zai ce ai wannan shi ne abokin gwajin farko. Kash! Sara biyu ko uku ya gama da kai. Darasin shi ne ka kewaye shi, ka je ka yi ƙarfi, ka dawo daga baya. Kuma duk lokacin da aka kashe ka, dukiyar da ka tara tana zubewa a wurin. In aka sake kashe ka kafin ka je ka ɗauka, shi ke nan, ta tafi har abada.

Da ma an san Miyazaki da wannan hali tun daga Demon's Souls a 2009, da Dark Souls a 2011, da Bloodborne a 2015, da Sekiro a 2019. Shi ya sa mutane da yawa suka ɗauka sabon ma na 'yan tsiraru ne masu taurin kai. Sai ga shi kafin ya cika mako uku an sayar da kwafi miliyan 12. Ya kai miliyan 20 a 2023, ya haura miliyan 30 a 2025. A Disambar 2022 kuma shi ya lashe kyautar gwarzon gem na shekara a bikin The Game Awards.

CE-CE-KU-CE

Amma fa ba kowa ya yi tafi ba. A kwanakin farko masu bugawa a kwamfuta sun yi ta ƙorafin hoto yana sarƙewa, wanda a irin wannan wasa daƙiƙa ɗaya ta isa a hallaka ka. Babbar rigimar kuma ita ce ta wahala. Wani ɓangare ya ce: mun biya kuɗinmu, a sa mana zaɓin sauƙi kamar yadda sauran gem suke yi, domin akwai masu aiki da ba su da lokaci, akwai masu lalurar hannu ko ido. Ɗaya ɓangaren ya ce in aka cire wahalar me ya rage? Miyazaki dai ya ƙi. Hujjarsa ita ce daɗin wasan yana cikin cin galaba bayan an sha wuya, kuma yana so kowa ya haye tudu iri ɗaya.

Gaskiyar magana, ya bar ƙofofin sauƙi, sai dai bai rubuta musu suna ba. In bos ya gagare ka, ka hau dokinka ka nufi wani wuri. Kana iya kiran wasu ruhohi su taya ka faɗa. Kana iya gayyatar wani ɗan wasa ta intanet ya shigo duniyarka ya kama maka. Har saƙo 'yan wasa ke bar wa juna a ƙasa, wani na gargaɗi, wani na tsokana, irin wanda zai ce ka yi tsalle akwai dukiya a ƙasa, ka faɗa rami.

Rigimar ta sake tashi a Yunin 2024 da aka fitar da ƙarin labari mai suna Shadow of the Erdtree. Har tsofaffin hannu sun koka cewa abin ya yi yawa, kamfanin ya ɗan sassauta. Duk da haka, kwafi miliyan 5 aka sayar cikin kwana uku.

MAI TULU A KA

Labarin da ya fi nuna yadda 'yan wasa suka karɓi Elden Ring shi ne na Malenia, wata bos mai jan gashi da hannun ƙarfe. Duk saran da ta yi maka ƙara mata lafiya yake yi, kuma in ka ga kamar ta mutu sai ta tashi da sabon salo. Ta sa mutane da yawa sun ajiye wasan.

A Afrilun 2022 sai ga wani ɗan wasa mai laƙabin Let Me Solo Her, wato a bar ni da ita ni kaɗai. Ba ya sa sulke, daga shi sai ɗan bante, tulu a kife a kansa, takubba biyu a hannu. In ka gayyace shi, kai dai koma gefe ka yi kallo. Shi ma ta kashe shi ba adadi kafin ya haddace motsinta. Da ya cika kisa dubu ɗaya, Bandai Namco ya aika masa da takobi na gaske. Kun ga ke nan wahalar da ake kuka da ita, ita ce ta haifar da gwarzon da ba marubucin da ya tsara shi.

SAURAN FIM

Kamfanin A24 na Amurka ne ya ɗauki aikin fim ɗin tare da Bandai Namco, aka miƙa rubutu da ba da umarni ga Alex Garland, ɗan Ingila, daraktan Ex Machina na 2014 da Civil War na 2024. Dodanni da fadoji da bishiyar zinare duk kuɗi da kwamfuta za su iya samarwa. Inda gizo ke saƙar shi ne wannan bugun zuciya da mutum ke ji in ya kayar da bos bayan kwana uku yana shan kashi. Mai kallo a sinima yana zaune ne da gugguru, ba abin da zai yi asara.

Kafin mu ga yadda Garland zai warware wannan ƙulli, ga shawara ga samarinmu na gidajen gem da ba su san komai ba sai buga ƙwallo: ranar da kuka samu Elden Ring, ku gwada. In kun hangi barden nan mai sulken zinare, ku bi ta bayan dutse.