Ƙuri'ar Atina da Ƙuri'ar Kibiya

Kalmar "ƙuri'a" daga Larabci muka aro ta, kuma asalin ma'anarta ba zaɓe ba ne. Ita ce wadda magabatanmu suke jefawa idan rabo ya gagara, wanda ta faɗa wa ya ɗauka. Wannan ya faɗo mini a rai ranar 26 ga Oktoba, 2024, ina tsaye a layin zaɓen kansiloli a Kibiya, alhali kowa a layin ya riga ya san sakamakon. Jam'iyya mai mulki ta lashe ƙananan hukumomi 44 duka, kamar yadda wadda ta gabace ta ta yi a 2021.

Girkawan birnin Atina da waccan tsohuwar ƙuri'a suka yi mulki. Tun a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da ita ake fitar da 'yan majalisarsu 500, kowa shekara guda. Aristotal ma yana ganin zaɓe hanya ce ta masu hali, ƙuri'a kuwa ta talakawa. Sokratis ya yi wa tsarin ba'a, domin ba mai ɗaukar matuƙin jirgin ruwa da ƙuri'a. Yana da hujja. Ga shi kuma mata da bayi ba su da ta cewa.

Amma abin da ya tsaya mini shi ne ƙarshen wa'adi: ba jami'in da zai sauka sai an binciki kuɗin da ya riƙe, kuma kowane ɗan gari yana da ikon kai ƙararsa. Da haka ake yi a nan, da manomin Tarai ya tsare kansilansa ya tambaye shi inda takin bana ya shiga.