Zafin Bazara a Lugbe, da Yadda Za a Zauna da Shi

Duk wanda ya taɓa kwana a Lugbe cikin watan Maris ya san abin da a ke kira bazara. Da rana ka hangi kwaltar hanyar filin jirgin sama tana ƙyalli sai ka ce an kwarara mata ruwa. Da dare kuwa ɗaki ya koma tanderu, in wutar lantarki ta ɗauke kowa ya jawo tabarma ya fito waje. Gari na wayewa a tarad da rijiya ta ja baya, a zauna jiran 'yan garuwa da kurarsu, su kuma sun ƙara kuɗin jarka. Mu da a ke horarwa don aikin malanta bai kamata mu tsaya ga ƙorafi kaɗai ba, gama gobe za a damƙa mana 'ya'yan mutane cikin irin wannan zafi. Saboda haka bari mu duba mafarinsa, sa'an nan mu ga abin da ke hannunmu.

Ina mafarin zafin?

Ƙasar Abuja tana wajen digiri 9 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Sau biyu a shekara rana takan tsaya cak bisa kanmu da tsakar rana, watau wajen tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta. To, me ya sa Agusta ba ta da zafi? Dalili shi ne gizagizai sun tare rana, ƙasa kuma a jiƙe ta ke, zafin da ya sauko sai ya ƙare wajen busad da ita. Amma daga Fabrairu zuwa Afrilu ƙurar hunturu ta janye, hadari bai kankama ba, ƙasa ta yi wata huɗu ko biyar ba ta ga ruwa ba. Babu abin da zai sha zafin sai duwatsu da gidaje da jikin mutane. Shi ya sa ma'aunin zafi yakan wuce digiri 35 kusan kullum, wani lokaci ya doshi 40, alhali kuwa zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne.

Akwai kuma wani abu. Jiki ba ya yin sanyi don gumi ya fito, sai in gumin ya bushe. Cikin Maris iska mai laima takan fara busowa daga teku ta kudu maso yamma, gumi ya yi ta zuba amma ya ƙi bushewa. Wannan shi ne zafin da ke hana barci, kuma shi ya fi haɗari. Hukumar NiMet mai lura da yanayi, wadda hedkwatarta ke nan kusa da mu a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, takan ba da gargaɗi a irin waɗannan kwanaki. Ya kamata malami ya riƙa sauraronsa. Abin ba wasa ba ne: ran 3 ga Afrilu 2024, cikin watan azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a birnin Kayes na ƙasar Mali, aka yi hasarar rayuka da yawa a ƙasar, galibi tsofaffi.

Rabonmu cikin laifin

Kafin a zaɓi Abuja ta zama babban birni a 1976, wannan wuri ƙauyukan Gbagyi ne da gonaki da itatuwa, ga kaɗanya, ga ɗorawa. Da aka ƙauro da gwamnati daga Ikko a 1991 jama'a suka yi ta kwararowa, Lugbe ta cika maƙil. Aka sare itatuwa, aka gina gidajen bulo da rufin kwano, waɗansu ko silin babu, aka shafe tsakar gida da siminti. Siminti da kwalta sukan haɗiye zafi duk yini, su yi ta amayad da shi da dare. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin ciyawa ko na soro, wanda mu ke rainawa, ya fi su sanyi nesa ba kusa ba.

Simintin nan kuma shi ne ke ƙafad da rijiyoyi. Ƙarƙashin ƙasarmu fa ne, irin dutsen Aso da na Zuma. Ruwa ba ya zama ciki sai a 'yar ƙasar da ke bisansa da kuma tsagoginsa. Ruwan rijiya da na burtsatse duk ruwan damina ne wanda ya nutse a hankali. In an rufe fuskar ƙasa, ina zai bi ya nutse? Sai ya taru ya bi kwari da ƙarfi. Cikin watan Yuni 2023 ambaliya ta mamaye gidaje masu yawa a rukunin Trademore a nan Lugbe. Ruwan da ya yi ɓarna da damina, shi ne wanda a ke nema ido rufe da bazara.

A nan ya kamata a rarrabe rani da fari. Fari shi ne damina ta zo ruwa ya ƙi sauka, kamar yadda aka yi a ƙasar Hausa da Barno a 1973 da 1984, amfanin gona ya ƙone, dabbobi suka mutu ba iyaka. Mu kuwa, alhamdu lillahi, ruwan da ke sauka a Abuja daga Afrilu zuwa Oktoba ya fi milimita 1,000 a shekara. Ashe ciwonmu ba rashin ruwa ba ne, rashin tanadi ne.

Ga wani lissafi da za ku iya bai wa 'yan aji shida. Milimita ɗaya ta ruwan sama bisa fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi, lita ɗaya ke nan. In rufin aji mita 10 ne tsawo, mita 10 faɗi, to, a shekara yana zubad da lita 100,000 ko fi, watau jarka 4,000 mai cin lita 25. Ko kashi ɗaya cikin goma aka tara da indararo da tanki mai murfi, ai an rage wahala.

Abin da malami zai yi

Na farko, ruwan sha a kowane aji. Randa ta isa, ba sai da firji ba. Ruwa yakan tsattsafo ta jikinta, iska ta busad da shi, na ciki ya yi sanyi, daidai da yadda gumi ke yi wa jiki. Wannan ƙasa kuwa ta masu ginin tukwane ce, ga Ladi Kwali nan bisa takardar naira 20 shaida. Wani malami ma na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi tsakaninsu don adana tumatir da alayyafo, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. A sa yara su riƙa sha tun ƙishirwa ba ta kama su ba.

Na biyu, a mai da wasannin motsa jiki da sharar fili da sassafe. Kada a tsai da yaro cikin rana da sunan horo, ko da me ya yi. A buɗe tagogi ta ɓangarori biyu don iska ta ratsa.

Na uku, a san alamun ciwo. Yaron da ya yi laushi, yana ciwon kai da jiri, gumi na zuba, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Amma in jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko ya suma, kada a ɗura masa kome. A yi ta zuba masa ruwa a jiki ana fifita, a garzaya da shi asibiti. Haka kuma in aka ga zazzaɓi da sanƙarewar wuya, gama lokacin sanƙarau ke nan. A 1996 ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya.

Na huɗu kuwa shi ne babba, kuma ba da bazara a ke yinsa ba. Da zarar ruwa ya zauna cikin Mayu ko Yuni, kowane aji ya dasa darbejiya ko mangwaro, musamman ta yamma da ginin inda ranar la'asar ke duka, a kewaye su don awaki, a raba wa yara aikin ban ruwa da rani. A bar wani sashe na fili ba siminti don ƙasa ta sha. In da hali a sa silin, a shafa wa kwano farin fenti, gama fari yana mai da hasken rana.

'Yan'uwana ɗalibai, rana ba ta hannunmu, amma inuwa da tanadin ruwa suna hannunmu. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya fita koyon aikin koyarwa bana, ya yi ƙoƙari ya bar itace ko da guda a makarantar da aka tura shi. Allah ya kai mu damina lafiya, amin.