Kada Mu Ɗaure Ƙofar Mota Da Igiya

Tun shekarar 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, har yau kuwa akwai gidajen da tsohuwar 504 ce ke kai iyali sujada ran Lahadi, ta kuma kai mara lafiya asibiti da tsakar dare. Muna lura da inji da tayoyi, amma ƙofa sai mu manta da ita, har ta kai sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Waɗansunmu ma sukan ɗaure ta da igiya. Wannan kasada ce, gama ƙofar da ba ta kama sosai ba tana iya buɗewa a kan kwana, ga yara a ciki.

Yawanci laifin daga hinji ne, wato ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kansa. Ƙurar hunturu takan gauraya da tsohon giris, ta riƙa cin ƙusar da ke tsakiyarsa. Ƙofar direba ce takan fara saukowa, don ita aka fi buɗewa. Ga yadda za mu gane: mu buɗe ƙofar rabi, mu kama gindinta mu ɗaga. In ta yi motsi sama da ƙasa, hinjin ya cinye.

Mu duba tukuna ko da noti aka ɗaura hinjin. In walda aka yi masa, ƙusar kaɗai za mu iya sakewa a gida, sauran aikin na mai walda ne. In za mu nemi wani a kasuwa irin ta Panteka a Kaduna, mu jijjiga shi da hannu kafin mu biya, kada mu sayo wanda ya fi namu lalacewa.

Aikin na mutum biyu ne. Tun da dare mu ɗiga wa notunan kananzir don tsatsa ta saki. Da safe mu zana layi da fensir kewaye da tsohon hinjin. Mu tokare gindin ƙofar da jak, da katako da tsumma a tsakani, mutum ɗaya yana riƙe da ita. Mu sake hinji ɗaya, sa'an nan ɗayan. Kada mu kwance su gaba ɗaya. Mu ɗaura notunan sako-sako, mu daidaita da layin fensir, mu gwada rufewa a hankali. In ta kama ba tare da an buga ta ba, sai mu ɗaure tam, mu shafa sabon giris.

A Karin Magana 26:14 an kwatanta rago a kan gadonsa da ƙofa mai juyi a wuri ɗaya. Kada mu zama haka, muna ta cewa sai gobe. Motar da Allah ya ba mu amana ce, rayukan da ke cikinta kuwa sun fi ta daraja. Safiyar Asabar ɗaya ta isa aikin. Mu kira 'ya'yanmu su riƙa miƙo mana sifana su koya, mu kuma hana ƙanana lilo a jikin ƙofa.