Rarar Kuɗin Fansho Bashi Ce

Bayan haka, wajen tantance 'yan fansho akan tarar an biya wani fiye da haƙƙinsa. Muna cewa wannan rara bashi ce, domin kuskuren akawu ba ya halatta dukiyar baitulmali. Idan ya rasu, a biya daga abin da ya bari kafin rabon gado, bisa aya ta 11 ta Suratun Nisa'i. Wanda ke cikin ƙunci kuwa, aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta umurci a saurara masa, ta kuma fifita yafewa. Amma hukuma ce mai yafewa, ba ma'aikaci ba, kuma ga matalaucin da bai san an yi kuskure ba. Maha'inci sai ya mayar. Allah Ya raba mu da haƙƙin jama'a.