2.4 Magungunan Rage Tsamin Ciki da Matsayinsu Wajen Warkar da Gyambon Ciki

Kamar yadda aka bayyana a sashen da ya gabata, tumbin ɗan'adam yana tsattsafo da wani ruwa mai tsananin tsami, wato asid, wanda ke taimakawa wajen narkar da abinci. Idan majinar da ta lulluɓe bangon tumbi ta yi rauni, sai wannan ruwa ya ci naman wurin, ya haifar da gyambon ciki, wanda jama'a suka fi sani da olsa. In kuwa ya taso zuwa maƙoshi, shi ne ƙwannafi. A wannan sashe za a dubi magungunan da ke rage wannan tsami, da kuma inda ƙarfinsu ya tsaya.

Mafi daɗewa daga cikinsu su ne masu kashe kaifin asid ɗin da ya riga ya taru, kamar farin ruwan magani na magniziyam da ake sayarwa a kyamis. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin aikin da jiƙon kanwa ke yi ke nan ga mai ƙwannafi. Sauƙin yana zuwa nan take, amma ba ya daɗewa. Haka ma madara, wadda masu olsa da yawa suka dogara da ita: tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, daga baya kuma ta sa tumbi ya ƙara zubo da asid.

Babban sauyi ya zo ne a shekarar 1976, lokacin da aka fito da simetidin a Ingila da sunan Tagamet, bisa binciken James Black. Shi wannan magani ba ya jiran asid ya taru, yana tare saƙon sinadarin histamin ne, wanda ke umartar tumbi ya tsattsafo da shi. Kafin zuwansa, masu gyambo mai tsanani da dama sai an yi musu tiyata. Ranitidin ya biyo baya a 1981, ya kuma yi tashe ƙwarai, amma a 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a janye shi saboda wani gurɓataccen sinadari da ake zargin yana jawo sankara. Famotidin ne ya rage ana amfani da shi sosai a wannan rukuni.

A shekarar 1988 kamfanin Astra na ƙasar Suwidin ya fito da omefirazol, wanda ke toshe ainihin famfon da ke turo asid ɗin. Shi ya sa ya fi na baya ƙarfi. Ana shan sa kimanin rabin sa'a kafin karin kumallo, domin famfunan da abinci ya tayar ne yake iya kamawa.

Sai dai abin lura a nan shi ne, rage tsami yana warkar da gyambo, amma ba ya kawar da musabbabinsa. An daɗe ana ɗora laifin a kan yunwa da yaji da damuwa, har zuwa 1982 da Barry Marshall da Robin Warren na ƙasar Ostireliya suka gano cewa ƙwayar cutar Helicobacter pylori ce ke haddasa mafi yawan gyambon, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2005. Muddin ƙwayar tana nan, gyambon yakan dawo bayan an daina shan magani. Bisa ga haka ne likitoci ke haɗa omefirazol da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu, na tsawon kwana 10 zuwa 14. Musabbabi na biyu kuwa shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin da diklofenak. Mai wannan ɗabi'a, ko ya shekara yana shan omefirazol, gyambon na iya dawo masa da zarar ya ajiye shi, matuƙar bai rabu da su ba.