Mece ce ƙurar PM2.5, kuma ta yaya za a kare fata?

Da zarar hunturu ya kama, sai rahotannin yanayi su riƙa ambaton PM2.5. Ƙura ce mai laushin gaske, wadda kaurin silin gashi ya ninka ta kusan sau 30. Iska ke kwaso ta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, hayaƙin janareto da motoci kuma su ƙara mata yawa.

In ta kwanta a jiki, takan toshe ƙofofin gumi, ta tayar da ƙaiƙayi da ƙuraje. 'Yan acaɓa, 'yan talla da yara ne suka fi jin jiki: leɓe ya tsattsage, dunduniya ta yi faso.

Don kariya, a wanke fuska da ruwan ɗumi kowane dare, a shafa man kaɗanya tun jiki bai bushe ba, a kuma sa takunkumi ranar da hazo ya yi yawa.