Laftof ta ƙi tashi daga filashi? Kafin a ce bod ya ƙone

A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Wannan ya shafi ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da malami a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, domin laftof ɗin da ke hannun mutanenmu yawanci gwanjo ne, ƙirar HP da Dell da Lenovo. Mai son sabuwar Windows sai ya ɗora ta a filashi, ya soka, ya kunna. Nan ake cin karo da matsala: kwamfuta ta yi biris da filashin ta buɗe tsohuwar Windows, ko allo ya yi baƙi. Sai ka ji an ce bod ya ƙone. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, tsari ne kawai bai dace ba.

Da an danna maɓallin kunnawa, wata ƙaramar manhaja da ke zaune a kan bod ce ke fara farkawa, ita ke zaɓar inda za a ɗauko Windows. Rumbun ajiya na ciki take fara dubawa, sai dai in an umarce ta da wani wuri. Umarnin kuwa maɓalli ne da ake dannawa akai-akai tun kafin tambarin kamfani ya ɓace: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, Esc a Asus. Wanda ya makara da daƙiƙa biyu sai ya kashe ya sake.

Idan jerin wuraren ɗauko Windows ya fito amma babu filashin a ciki, to an zo kan babban dalili. Manhajar nan iri biyu ce, tsohuwa mai suna BIOS da sabuwa mai suna UEFI, wadda ta yaɗu tun fitowar Windows 8 a 2012. Kowace da tsarin rabon rumbu da take ganewa: tsohuwar tana tafiya da MBR, sabuwar da GPT. Filashin da aka shirya wa ɗaya, ɗayar na iya ƙin ganinsa. Shi ya sa kwafar fayil ɗin Windows a jefa cikin filashi ba ta wadatarwa. Dole a rubuta shi da manhaja irin su Rufus, a zaɓi tsarin da ya dace da laftof ɗin. Akwai kuma tarkon FAT32: kowace UEFI na karanta wannan tsari, amma ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4, alhali babban fayil ɗin Windows 11 ya zarce haka. Rufus na da dabarar kauce wa wannan.

Sai Secure Boot, mai gadin ƙofa wanda ba ya barin kowace manhaja ta shige sai ya ga sa hannun da ya sani. Ana iya kashe shi na ɗan lokaci daga saitin UEFI, wanda ake shiga da F10 a HP ko F2 a Dell. Amma a yi hattara. Idan rumbun na kulle da BitLocker, taɓa wannan saiti na iya sa kwamfuta ta nemi mabuɗi mai lamba 48. Wanda ya sayi gwanjo bai karɓi mabuɗin ba yana iya rasa duk abin da ke ciki.

Yanayinmu ma na da nasa hannu. Ƙurar hunturu na toshe ramin USB, don haka a gwada wani ramin. Ƙaramin batirin da ke kan bod, idan ya mutu, saiti kan koma yadda ya fito daga kamfani, alamarsa kuma agogon kwamfuta ya riƙa nuna shekarar da ta wuce. Ga jabun filashi, mai rubutun gigabait 64 a jiki amma cikinsa bai kai 8 ba. Gwada shi a wata kwamfutar zai raba gardama. A kuma cika batir kafin a fara, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na ɓata komai.

Ko filashin ya tashi, Windows 11 na da sharuɗɗa: TPM 2.0, da injin Intel na ƙarni na 8 zuwa sama ko takwaransa na AMD. HP EliteBook 840 G3, wadda ta cika kasuwar gwanjo, ƙarni na 6 ce. Mai irinta na iya tsallake sharaɗin ba da yawun Microsoft ba, ko ya koma Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne.

Abu ɗaya ne ke da wuyar gyaruwa: fayil ɗin da fomatin ya share wajen ɗora sabuwar Windows. Ɗalibi ya kwashe furojet ɗinsa zuwa wani wuri tun kafin ya miƙa laftof ga mai gyara, ya kuma tambaye shi ko ya gwada maɓallin, da tsarin filashin, da wani ramin, kafin a fara maganar kuɗin sabon bod.